Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Hukumar Kula da Kaburburan Yaƙi: a ina za a nemi dangin sojan da ya mutu a baƙunci?

Zuwa ga shugabanni da ma'aikatan Hukumar Kula da Kaburburan Yaƙi ta Ƙasashe Renon Ingila, a Maidenhead.

Bayan gaisuwa da fatan alheri.

Mun rubuto muku ne a kan wani irin soja da ya fi kowa saurin ɓacewa daga rajista: saurayin da ya bar ƙasar haihuwarsa ya tafi neman abinci, yaƙi ya riske shi a baƙunci, ya sa kaki a can, aka kwashe shi zuwa wata ƙasa ta uku, aka kashe shi a ramin yaƙi. Iyayensa suna wuri guda, takardunsa suna wani wuri, ƙasusuwansa suna wani. Kun nuna a Fromelles ta ƙasar Faransa cewa ana iya haɗa waɗannan ukun ko bayan shekara 90, a mayar wa mamaci da sunansa. Roƙonmu shi ne irin wannan kulawa ta kai ga samarin Afirka ta Yamma da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, waɗanda da yawansu su ma baƙi ne a inda aka ɗauke su soja.

Za mu fara da Fromelles, domin a can ne aikin ya fito fili daki-daki.

Da ƙarfe 6 na yammacin 19 ga Yuli 1916, runduna ta 5 ta Ostareliya da runduna ta 61 ta Birtaniya suka fito daga mafakarsu suka nufi layin Jamusawa. Nufin manyan hafsoshi shi ne a hana Jamus kwashe sojoji daga nan zuwa fagen Somme da ke kudu. Ƙasar wurin fadama ce, ruwa na kusa da sama, don haka ba a iya haƙa rami mai zurfi. Ganuwa ake yi da buhunan ƙasa a ɓuya a bayanta. An shafe sa'o'i bakwai ana luguden igwa kafin a fita, amma luguden bai rusa ɗakunan kankare da Jamusawa suka girke bindigogi masu jigida a ciki ba, musamman a wani tudu da ya kutso gaba wanda ake kira Sugar Loaf. A daidai nan filin da ke tsakanin rundunonin ya kai kusan mita 400, babu abin fakewa, kuma rana ba ta faɗi ba. Birged ta 15 ta ƙare a wannan fili. Birged ta 8 da ta 14 sun samu sun shiga layin Jamusawa na farko, suka wuce neman layi na biyu da taswira ta nuna musu, sai suka tarar da lambatu cike da ruwa. Cikin dare Jamusawa suka zagayo ta bayansu suka sake kama ramukan farko. Kafin hantsi Ostareliya ta yi asarar mutum 5,533 tsakanin matattu, masu rauni da kamammu, kusan 2,000 daga ciki matattu.

Waɗanda suka mutu a bayan layin Jamusawa su ne suka ɓace. Sojojin Jamus na yankin Bavaria sun tattara gawawwakin, suka cire musu lambar wuya da abin da ke aljihunsu, suka aika da sunayen ta hannun ƙungiyar Red Cross, sannan suka binne su a manyan ramuka a gefen wani kurmi da ake kira Pheasant Wood. A lura da wannan, domin shi ne tushen matsalar: a lokacin soja lambar wuya ɗaya yake ratayawa. Idan aka cire ta don a kai rahoton mutuwarsa, gawar ta zama ba ta da suna. Sai daga baya cikin 1916 aka fito da lamba biyu, ja mai kewaye wadda ake cirewa, da koriya mai kusurwa takwas wadda ake bari a jikin mamaci. Ita ma ba ƙarfe ba ce, wani matsattsen zare ne da ke ruɓewa a ƙasa mai laima. Masu tattara gawawwaki na bayan yaƙi ba su gano ramukan Pheasant Wood ba, aka rubuta sunayen 'yan Ostareliyan da ke cikinsu a bangon maƙabartar VC Corner cikin waɗanda ba a san makwancinsu ba.

Wanda ya tayar da maganar ba hafsa ba ne, ba kuma ma'aikacinku ba ne. Wani malamin makaranta ne a Melbourne, Lambis Englezos, wanda shi kansa a Girka aka haife shi. Ya lissafa waɗanda aka ce sun ɓace, ya lissafa gawawwakin da ba su da suna a maƙabartun yankin, ya ga lissafin bai haɗu ba. Daga nan aka haɗa shaida uku. Hotunan da jiragen Birtaniya suka ɗauka daga sama bayan faɗan sun nuna sababbin ramuka takwas a gefen kurmin. Takardun Red Cross sun ba da sunayen da Jamusawa suka aiko. A ma'adanar tarihin soja ta Munich kuma aka samu umarnin a haƙa ramukan da za su ɗauki gawa 400. A 2007 masana daga Jami'ar Glasgow suka auna wurin ba tare da tono ba, a 2008 aka yi tonon gwaji, a 2009 kuma masu binciken Oxford Archaeology suka fito da mutum 250 tsakanin Mayu da Satumba. An sake binne su kowa da kabarinsa a sabuwar maƙabartar da kuka gina, aka buɗe ta ranar 19 ga Yuli 2010. A ranar an san sunayen 96. Yau sun haura 170.

Yadda ake tabbatar da suna shi ne abin da ya kamata kowa ya fahimta, don mutane da yawa suna zaton gwajin DNA shi kaɗai ke yanke hukunci. Ba haka ba ne. Ana ɗaukar samfur daga haƙori ko ƙashi. Ana kuma auna ƙasusuwan a ƙiyasta shekaru da tsawo, a duba tsohuwar karaya ko aikin likitan haƙori. Ana rubuta duk abin da aka samu a jikin mutum: maɓalli, bajen hula, ƙugiyar ɗamara, har da tikitin jirgin ƙasa na zuwa da dawowa tsakanin Fremantle da Perth da aka samu a jikin wani. Sai a gwama da takardar shigarsa soja, wadda ke ɗauke da garin haihuwa, sana'a, tsawo, faɗin ƙirji, tabo ko zane a jiki, da sunan magaji. Sannan a nemo dangi masu rai ta layi biyu kawai. Layin farko na maza zalla ne, daga uba zuwa ɗa, don ƙwayar Y. Na biyu na mata zalla ne, daga uwa zuwa 'ya, don ƙwayar da ake gada ta wajen uwa. Yawancin samarin nan ba su haihu ba, don haka sai a hau sama zuwa ga uba ko kaka a gangaro ta wajen ɗan'uwa ko 'yar'uwa. Mace ɗaya ta shiga layin maza, ko namiji ɗaya ya shiga layin mata, layin ya yanke. Bayan duk wannan wani kwamiti ke zama ya auna shaidun gaba ɗaya, kuma idan akwai kokwanto ba a sa suna.

A nan ne ɗan ci-rani ke faɗuwa. Kusan ɗaya cikin biyar na sojojin Ostareliya na wancan yaƙi a Birtaniya aka haife su. Daga 1911 akwai shirin Dreadnought da ke kai yara 'yan shekara 16 zuwa 19 daga Birtaniya su yi aikin gona a New South Wales, kuma da yaƙi ya ɓarke da yawansu suka shiga soja. Dokar ɗaukar soja ta ce wanda bai kai 21 ba sai da yardar iyaye a rubuce. Yaron da uwarsa ke wata nahiya, wasiƙa kuma na ɗaukar makonni a teku, abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya ƙara wa kansa shekaru. To ƙashi ya ce 18, takarda ta ce 22, mai bincike ya wuce shi. Wani ya canza suna don kada a gane shi. Wani ya rubuta maigidan gonar da yake wa aiki ko uwar ɗakin da yake haya a matsayin magaji, kuma jininsu ba ya amfani a gwaji. Adireshin iyaye na 1915 ya tashi aiki kafin 1920, takardar tambaya da aka aika musu ta dawo ba a buɗe ba. Lambar soja ma ba ta isa shaida ita kaɗai, domin a rundunar Ostareliya kowace bataliya tana da nata jerin lambobi, mutum goma na iya riƙe lamba ɗaya. Sannan sanarwar neman dangi a Ostareliya ta fi ƙarfi, alhali jikokin 'yar'uwarsa suna wani gari a Ingila ko Ireland, ba su ma san an taɓa yin wani kawu da ya tafi bai dawo ba. Darasin a bayyane yake: dangin baƙo ana neman su ne a inda ya baro, ba a inda ya sa hannu ba.

Yanzu mu zo gida.

An kafa hukumarku a 1917 bisa alƙawarin cewa kowane mamaci za a tuna da shi da sunansa, dutse iri ɗaya ga janar da farabiti, ba bambancin muƙami, launi ko addini. Rahoton kwamitin da ku da kanku kuka kafa, wanda ya fito a Afrilun 2021, ya ce an karya wannan alƙawari. Mutum 45,000 zuwa 54,000 an tuna da su amma ba daidai da Turawa ba. Aƙalla 116,000, mai yiwuwa har 350,000, ba a rubuta sunayensu ba, ko ma ba a tuna da su ta kowace hanya ba. Rahoton ya kawo maganar gwamnan Gold Coast (Ghana ta yau), Guggisberg, a 1923, cewa ɗan ƙasar ba zai fahimci dutsen kabari ba balle ya daraja shi. Sakataren tsaron Birtaniya na lokacin, Ben Wallace, ya ba da haƙuri a majalisa. Mun ga kuma abin tunawa da kuka buɗe a Cape Town a Janairun 2025 mai ɗauke da sunaye sama da 1,700 na leburorin soja baƙar fata. Wannan aiki ne na gaske, mun yaba. Amma a nan yankinmu har yanzu ba a taɓo ainihin ciwon ba.

Wasu na cewa yaƙin rami na Turai ne kawai. Su je su karanta labarin Garwa ta arewacin Kamaru, wadda ke hannun Jamus a lokacin. Ayarin Rundunar Najeriya da ya tashi daga Yola ya auka wa garin a daren 29 zuwa 30 ga Agusta 1914. Jamusawa sun kewaye tuddan da ganuwa da ramuka. An kama ɗaya daga cikin sansanonin da dare, gari na wayewa bindigogi masu jigida suka buɗe wuta a kan mutanen da ke cikinsa, aka kashe kwamandansu Maclear, sauran suka ja da baya zuwa Yola suka bar matattunsu. Garwa ba ta faɗi ba sai 10 ga Yuni 1915, bayan an riƙa haƙa ramuka da dare ana matsawa kusa, aka kuma kawo manyan igwa. A dutsen Mora, shi ma a arewacin Kamaru, ayarin da ya fito daga Maiduguri da sojojin Faransa sun yi zaman ƙawanya tun 1914 har 18 ga Fabrairu 1916. A Gabashin Afirka, cikin ƙasar da ake kira Tanzaniya yau, Birged ɗin Najeriya ta sha yunwa a bakin kogin Rufiji a daminar farkon 1917, sannan aka yi mata ƙawanya a Mahiwa tsakanin 15 da 18 ga Oktoba 1917, inda sojojin suka haƙa ramuka suka kwanta a ciki ana yi musu ruwan wuta. Ɓangaren Birtaniya ya yi asarar mutum kusan 2,700 a wannan faɗa.

Su wane ne waɗannan sojoji? Hausa ce harshen bariki a Rundunar Najeriya da ta Gold Coast, amma ba duk wanda aka rubuta Bahaushe ne Bahaushe ba, kuma ba duk wanda aka ɗauka a Kano ko Kumasi ne ɗan garin ba. Akwai Zabarmawa da Dandawa daga ƙasar da ke hannun Faransa, akwai Mosi da Gurunsi, akwai fataken goro da jarinsu ya karye a zango, akwai waɗanda suka tsallako iyaka don gudun ɗaukar sojan dole na Faransawa suka ƙare cikin kakin Ingilishi, akwai waɗanda suka gudo daga bauta. Kowannensu ɗan ci-rani ne kamar yaron gonar New South Wales, sai dai takardarsa ta fi ta wancan rauni nesa ba kusa ba.

Ga inda rajistarsu ke karyewa. Akawun bariki yana rubuta sunan yanka ne ya liƙa masa sunan gari ko na ƙabila: wane Kano, wane Sakkwato, wane Zabarma. Sunan uba ba ya shiga. Garin da aka liƙa kuma sau da yawa ba mahaifarsa ba ne, babban garin da ya fi kusa ne, ko inda ya kwana kafin ya zo, ko wanda ya zaɓa don ya ɓad da sawu. Mutumin wani ƙauye a bayan Maraɗi na iya zama ɗan Katsina a takarda har abada. Rubutun sunan ma ya danganta da kunnen Baturen da ya ji shi: Garba ya koma Garuba, Audu ya koma Awudu ko Abudu, Ibrahim ya koma Braima, Muhammadu ya koma Momodu ko Mama. Injin bincike na kwamfuta da ke neman harafi da harafi zai ɗauke su mutane daban-daban, ko kuma ya haɗe mutum biyar ya mai da su ɗaya. A gida kuwa wataƙila ba wanda ya taɓa kiransa da sunan yanka. Saboda alkunya da laƙabi aka san shi, Tanko ko Ɗanjuma ko Bawa, kuma da laƙabin jikokin 'yan'uwansa za su tuna shi in sun tuna. 'Yan dako, waɗanda suka ɗauki harsashi da abinci a ka, cuta ta kashe su da yawa, su ne rajistarsu ta fi kowacce lalacewa.

Akwai ginshiƙan tunawa a Zariya, Lokoja, Ibadan, Kalaba da Kumasi a cikin rajistarku. Amma suna a jikin dutse wanda ba a san gidan da ya fito ba rabin aiki ne. Kuma ba wanda ya taɓa aika wa uwar sojan Garwa takardar tambayar wace kalma take so a sassaƙa wa ɗanta, alhali iyayen Turawa an ba su damar haruffa 66.

Sai mu faɗa da babbar murya, tun kafin a yi mana mummunar fahimta: ba tono muke nema ba. Da yawa daga cikin waɗannan matattu Musulmi ne, kuma tone kabari ba tare da larura ba abu ne da iyalansu da malamai ba za su yarda da shi ba. Ƙasar Garwa da ta Mahiwa ma ba irin yumɓun Fromelles ba ce mai riƙe ƙashi. Zafi da gara da zaizaya sun yi aikinsu. Gwajin jini ba shi da abin da za a gwama shi da shi idan babu gawa. Abin da za a ɗauko daga Fromelles shi ne rabin aikin da aka yi kafin a taɓa ƙasa: lissafi, gwama takardu na ɓangarori daban-daban, da neman dangi.

Matakin farko shi ne rajista guda da ta haɗa abin da ke warwatse. A ma'adanar tarihin Birtaniya da ke Kew akwai kundin lambobin yabo, da littattafan da kowace bataliya ke rubuta abin da ya faru kullum, da wasiƙun Ofishin Mulkin Mallaka kan rundunar Afirka ta Yamma. Littafin bataliya yakan kira Bature da suna ya ce sauran "mutum kaza", amma yana ba da rana da wuri. Kundin lambar yabo kuma yana ba da suna da lamba, wani lokaci da alamar cewa mutum ya mutu. In aka ɗora ɗaya kan ɗaya, rana ta samu suna. Sai a zo Kaduna, Ibadan da Inugu, da Accra, Kumasi da Tamale, a duba fayilolin larduna, musamman wasiƙun da ke tsakanin bariki da Razdan ko Di'o kan ragowar albashin mamaci da neman magadansa. Irin wannan takarda ce ke iya ambaton ƙauye da hakimi da sunan ɗan'uwa, abin da rajistar soja ba ta da shi. Takardun nan suna ruɓewa, don haka ɗaukar hotonsu ya riga komai gaggawa. Kada kuma a tsaya a ƙasashen da Ingila ta mulka. Rahotannin kwamandojin Faransa kan samarin da suka tsere ƙetaren iyaka suna Yamai da Dakar, kuma nan ne mahaifar da yawa daga cikin waɗanda muke magana a kansu.

Rajistar ta ajiye kowane suna yadda aka rubuta shi tun asali, a gefensa kuma yadda masu harshen ke faɗinsa, a bar gurbi na laƙabi. Wannan aikin masu jin Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Kanuri da Mosanci ne, ba na injin fassara ba. Kada a haɗe sunaye biyu sai lamba, bataliya da ranar mutuwa sun yi daidai, kuma inda shaida ba ta kai ba a rubuta cewa ba ta kai ba, kamar yadda kwamitin Fromelles ke yi.

Daga nan sai a kai sunayen inda za a ji su. Shafin intanet na Turanci ba zai isa ƙauyen da saurayin ya baro ba. Rediyo zai isa. A karanta sunayen gari-gari a gidajen rediyon Kano, Sakkwato, Maiduguri, Yola, Damagaram, Maraɗi, Dosso da Tamale, a ba fadojin sarakuna da sarakunan zango kwafi a boko da ajami, a sa lambar waya da mutum zai kira ya yi magana da harshensa. Wanda za a aika ya ɗauki bayani ya san abin da zai tambaya: ba "kuna da soja a yaƙin 1914?" ba, domin ba haka ake tuna shi ba. A tambayi wanda ya tafi yaƙin Jamus na fari bai dawo ba, a bambance shi da na yaƙin Bama, don tsofaffi sukan gauraya su biyun. A tambayi tsofaffin mata, su ne ke riƙe da sunayen waɗanda suka tafi ba su bar baya ba. A nemi ganin abin da aka adana: lambar yabo, tsohuwar takardar sallama ta abokin tafiyarsa, domin a gefen lambar yabo ana sassaƙa suna da lambar soja. Waɗanda suka ji labarin daga bakin waɗanda suka gani da ido yanzu sun haura shekara 80, kuma kowace shekara ana rasa su.

Game da siffar abin tunawa, a tambayi mutanen wurin kafin a zana komai. Gini a kan kabari abu ne da malamai ke da magana a kansa, amma bango mai sunaye a Yola, inda ayarin Garwa ya tashi, ko a Maiduguri, inda na Mora ya tashi, ba kabari ba ne. A rubuta sunan da boko da ajami, a sa garin asali idan an gano shi ko da yana cikin Nijar, Burkina Faso ko Chadi a yau. Iyalin da aka gano a ba su takarda mai ɗauke da ranar da ɗansu ya mutu da wurin, cikin harshensu, domin su san ranar da za su yi masa addu'a da sadaka.

Muna roƙon ku bayyana a fili, cikin Hausa da Faransanci, adadin sunayen sojoji da 'yan dakon Najeriya da Gold Coast da kuka gano tun 2021, da ma'adanan da kuka riga kuka bincika da waɗanda suka rage, da ofishin da iyali za su tuntuɓa idan suna da suna a hannu.

Wassalam.

Daga wasu masu binciken tarihin sojojin Afirka ta Yamma.